Bindiga mai harbi ɗaya a dajin Maraɗi: abin da masu riƙe ta suka gani

Mai tambaya, daga Tibiri:
Assalamu alaikum iyayena da yayyena. An kai amfanin gona gida, karan gero ya kwanta, zabin daji da fakara sun fara fitowa kiwo da sassafe. Masu riƙe da bindiga mai baki ɗaya, wadda ake karyawa a sa kartush (harsashi) guda, ku faɗa mana abin da kuka gani da idonku. Wace lamba, wato girman bakin bindiga, ta fi dacewa da ƙananan namun daji? Kuma me ya sa marar nauyin ta fi dukan kafaɗa?

Wani dattijon mafarauci, daga Madarunfa:
Wa alaikumus salam, ɗana. Fara da takarda kafin ƙarfe. Izinin riƙe bindiga daban, izinin farauta daban, na biyun a hannun ma'aikatan gandun daji yake, kuma su ne za su faɗa maka ko an buɗe farauta ko a rufe take. Dokar farauta ta Nijar ita ce mai lamba 98-07 ta 29 ga Afirilu 1998. Gandun Gadabeji ba wurin harbi ba ne ko kaɗan, can ma aka kai raƙuman dawa daga Kure a 2018. Kuma da halin da ake ciki a kan iyaka, wajen Baban Rafi da Gidan Runji, mutum da bindiga ba takarda ya jawo wa kansa abin da bai shirya ba.

Batun lamba kuwa, iya girman lambar iya ƙanƙantar bakin. Mai lamba 12 faɗin bakinta milimita 18.5, mai 16 wajen 16.8, mai 20 kuma 15.6. Akwai 'yar ƙarama 410, milimita 10.4 kacal. Iri biyu ne suka fi yawo a hannun mutanenmu: Baikal ta Rasha, wadda ake ƙerawa a Izhevsk tun 1964, da tsohuwar Simplex ta kamfanin Manufrance da ke Saint-Étienne a Faransa, wadda ta fito tun 1908. Ni dai 12 nake ba mutum shawara, don kartush ɗinta ya fi samuwa. Bindigar da ba ka samun abincinta sanda ce kawai.

Wani mai gyaran bindiga, daga cikin garin Maraɗi:
Baba ya faɗi gaskiya. Ni zan tsaya kan dukan kafaɗa, don nan ne ake yawan zargin bindiga alhali laifin kartush ne.

Baikal mai lamba 12 nauyinta bai cika kilo 3 ba, wajen 2.8 take. Wani tsohon maƙerin bindiga na Ingila, Greener, ya ce nauyin bindiga ya kamata ya ninka na dalmar da take fitarwa sau 96. Ka lissafa da kanka: dalma giram 28 tana son bindiga mai kilo 2.7, giram 32 tana son kilo 3 da ɗoriya, giram 36 kuwa kusan kilo 3.5. To sai mutum ya ɗauki 'yar bindigarsa mai sauƙin rataya ya ɗura mata giram 36, wai don ta yi nisa. Ba nisan da take ƙarawa na kirki, sai dai kafaɗa ta kumbura, kunci ya sha ƙota, kuma daga nan mutum ya koyi rufe ido yana fizgar kunama tun kafin harbi ya tashi. Wannan fizgar ita ke kai baki ƙasa, dalma ta tono ƙura a gaban zabuwa. Giram 28 zuwa 32 ya wadatar.

Abu na biyu, a duba rubutun da ke jikin bututu, wani lokaci sai an cire katakon gaba ake ganinsa. In an rubuta 12/70, mazaunin kartush milimita 70 ne. In 12/76 ne, 76. Tsofaffin bindigogin Faransa da yawa 65 ne. Tarkon da ke nan shi ne ana auna tsawon kartush bayan ya buɗe ne, saboda haka mai 76 zai shige cikin mazaunin 70 lafiya lau, bindiga ta rufu tsaf. Sai an harba bakin kwanson ya rasa wurin buɗewa, matsi ya hau fiye da abin da aka gina ƙarfen a kansa. Gajere a doguwa ba laifi. Dogo a gajera kuwa, kada a kuskura.

Wani mafarauci, daga Dakwaro:
Malam, ƙara musu da na lamba 20. In aka haɗa kartush 20 da 12 a aljihu ɗaya, na 20 yana zurmawa cikin bututun 12 ya maƙale can gaba, ka leƙa ka ga kamar ba kome. Aka sa na 12 a bayansa aka harba, bututu ya fashe daidai inda hannun hagu yake. Mafi yawan kartush 20 rawaya ne, amma kada a dogara da launi, a karanta gindin.

Wani malamin gona mai farauta, daga Tasawa:
Batun lambar ƙwayar dalma da ke cikin kartush fa ba a taɓa shi ba. A lissafin Faransa, wanda shi ne a kan kwalayen da muke samu, lamba 4 faɗinta milimita 3.25, lamba 6 milimita 2.75, lamba 8 milimita 2.25. A cikin giram 32 za ka samu ƙwaya kusan 160 in lamba 4 ce, wajen 260 in lamba 6 ce. Kurciya da hasbiya, 7 ko 8. Fakara da zomo, 6. Zabuwar daji gashinta da kauri, ƙashinta da ƙarfi, gara 5 ko 4. Wanda zai sayi kwali ɗaya tak, ya sayi 6.

Amma kada kowa ya yarda da maganata sai ya gwada tasa. A samu takardar buhun siminti biyu a haɗa, a kafa a gaban tudun ƙasa inda ba mutum ba dabba a baya. A ɗiga gawayi a tsakiya, a auna mita 30 da igiya, kar a yi da ido, a harba. Sai a zana da'ira mai faɗin santimita 75 a inda hudojin suka fi taruwa. Abu biyu ake dubawa. Na farko, taron ya faɗa kan ɗigon gawayin, ko sama, ko gefe? Na biyu, akwai fili a ciki da tafin hannu zai rufe ba huda ko ɗaya? In akwai, fakara za ta bi ta nan ta wuce. A matso zuwa mita 25 a sake, har a gano nisan da bindigar ke rufe takarda. Wannan shi ne iyakarta.

Yawancin masu baki ɗaya an matse bakinsu sosai. Shi ya sa a mita 12 ko 15 dalma ke tafiya a dunƙule, ko ka kuskure gaba ɗaya ko ka ragargaza naman. A bar tsuntsu ya ɗan buɗe, tsakanin 20 da 30 aikinta ya fi kyau. Bayan 35 kuwa raunata dabba kawai ake yi, ta je ta mutu a cikin sabara ba a yanka ba, kuma babu harbi na biyu da za a bi ta da shi. Wannan yana damuna ƙwarai. Ita 410 da yara ke sha'awa, dalmarta giram 14 zuwa 20 ne, bayan mita 20 ba a ba ta amana.

Mai tambaya:
Na gode, Kawu. To in an ja kunama ta yi ƙas ba ta tashi ba fa?

Mai gyaran bindiga:
Kada ka karya ta nan take. Riƙe baki yana kallon inda ba kowa, ka ƙirga talatin a hankali, don kartush da ya sha danshi yakan yi jinkiri sannan ya tashi. Bayan haka ka buɗe ka dubi hular da ke gindin kartush. In allura, wato tsinken ƙarfen da ke dukanta, ta lotsa ta sosai, kartush ne ya mutu. In ɗan tabo ne sama-sama, matsalar bindiga ce, kuma a ƙasarmu galibi ƙura ce. Man shafawa da hazon hunturu in suka haɗu a ramin allura sai su zama kamar kunun da ya kwana. Man gyaɗa ya fi kowanne ɓarna, yana daskarewa ya yi danƙo. A wanke da ɗan kananzir, a bari ya bushe, a ɗiga man keken ɗinki ɗigo ɗaya. Ɗigo ɗaya na ce. Mahaɗar da bututu ke juyawa a kai ita ma a goge ta a sake mata mai, don rairayi na cin ta kamar zarto.

Gwajin sako-sako: a tabbatar ba kartush, a cire katakon gaba, a riƙe ƙota a girgiza. In bututu na motsi ko ana ganin haske tsakaninsa da fuskar ƙarfen baya, a ajiye ta sai an gyara. Kada a cusa gwangwani ko a bubbuga da guduma.

In kuma harbi ya fito da ƙaramar ƙara, kafaɗa ba ta ji kome ba, a leƙa bututu ta baya kafin a sake ɗurawa. Toshin da ke raba albarushi da dalma yakan tsaya a tsakiya.

Dattijon Madarunfa:
Leƙen nan a mai da shi al'ada kowace safiya. Bindigar da ta yi damina a rataye, zanzaro na gina ɗakinsa na laka a cikin bakinta, daga waje ba a gani. Haka in baki ya caki ƙasa wajen tsallake kunya. Kartush kuma kada ya kwana a ɗakin kwano ko akwatin babur a watan Afirilu da Mayu, lokacin da zafi ke haura 40, a sa shi a gwangwani mai murfi cikin inuwa.

A tafi da ita a karye, kartush a aljihu, sai an iso wurin. Dalma lamba 6 tana wuce mita 200 kafin ta faɗi, kuma bayan girbi gonakinmu cike suke da shanun Fulani da yara masu tara kara. Kafin ka ɗaga baki ka dubi abin da ke bayan tsuntsun. A bakin tafkinmu kuma ba a harbi shafe da ruwa, dalma na tsalle a kansa ta nufi masunta da ke ɗaya gaɓar.