Tankin kifin teku mai malala ta baki: abin da waɗanda suka ajiye shi suka gani

Abban Walida, Kano

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka taɓa ajiye tankin kifin ruwan gishiri irin wanda ruwa ke cika shi maƙil har ya riƙa malala ta bakinsa, yana gangarowa ta bayan bangon dukkan ɓangarori huɗu zuwa wata magudana da ta zagaye gindinsa, daga nan ya sauka tankin ƙasa, famfo ya sake tura shi sama. Na daɗe ina kiwon kifin ruwan daɗi, amma na teku sai yanzu nake shirin shigarsa. Wanda nake so a haɗa mini tsawonsa santimita 100 ne, faɗinsa 60, zurfinsa 50, wato lita 300 ke nan. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne ɗaukewar wutar lantarki da kuma busasshiyar iskar Kano. Ina roƙon wanda ya riƙe irinsa a gidansa ya faɗa mana abin da ya gani da idonsa.

Injiniya, Abuja

Wa'alaikumussalam, Alhaji. Nawa bai kai naka girma ba, amma tsarinsu ɗaya ne. Kafin a yi maganar kifi, ka tambayi mai haɗa maka tambaya guda: ta ina ruwan da famfo ya turo zai shiga tankin? Yawancin masu haɗa irin wannan tanki sukan huda gindinsa su shigo da bututun ta ƙasa, domin kada wani bututu ya haura ta baki ya ɓata kyan ganin. Muddin famfo yana aiki babu matsala. Da zarar wuta ta ɗauke, wannan bututun da yake kawo ruwa shi ne zai zama hanyar fitarsa, kuma ruwan ba zai daina zurarewa ba sai ya sauka daidai bakin bututun.

Ka yi lissafin da girman naka. Santimita 100 sau 60 yana nufin kowace santimita ɗaya ta zurfi tana ɗauke da lita 6. Ruwan da yake saman baki yana malala bai wuce milimita biyu ko uku ba, bai ma kai lita 2 ba, kuma kowane tankin ƙasa zai iya shanye shi tare da abin da ke cikin magudana. Amma idan bakin bututun yana santimita 10 ƙasa da saman ruwa, lita 60 ce za ta sauko. Idan kuwa a gindi yake, dukkan lita 300 ɗin ce za ta bi tayil ɗin falonka, kifin su kwana a kan yashi. Ni abin da na sa aka yi mini shi ne, aka ɗora wa bututun wani tsayayye a cikin tankin har ya kusa kaiwa saman ruwa, aka jera duwatsu aka ɓoye shi. Idan wuta ta ɗauke, ruwa yakan ragu da kimanin yatsa biyu ya tsaya cak, ni kuma na bar wa tankin ƙasa sarari wanda ya ninka wannan adadin.

Ka gwada shi da ruwan famfo tsura kafin ka zuba ko da cokali ɗaya na gishiri: ka cika shi, ka kunna, ka zare filogi, ka ja kujera ka zauna har sai ka tabbata ɗigo ya daina sauka.

Batun wuta kuwa, famfon tura ruwa na DC, wato mai aiki da wutar batir, shi ya fi dacewa da mu. Idan yana cin wat 40, awa 10 zai ci wat-awa 400 ke nan, batir mai bolt 12 da amfiya 100 kuma yana ɗauke da 1200 a rubuce, ko da yake rabinsa kawai ya kamata a sha idan ba na litiyom ba ne. Fitila za ta iya mutuwa yini guda ba tare da wata asara ba. Motsin ruwa ne ba ya jira, domin idan ruwa ya tsaya, iskar da kifi ke shaƙa takan ragu cikin 'yan awoyi, kuma ruwa mai ɗumi bai riƙe ta kamar mai sanyi.

Baban Inna, Kaduna

Injiniya, da girmamawa, ina ganin ka tsananta. Nawa ta ƙasa bututun ya shigo, akwai bawul mai hana ruwa komawa baya, kuma har yau bai taɓa zubar mini da ruwa ba. Irin mai gani-garau na saya, wanda ake kwance shi a wanke, ina kuma jiƙa shi a ruwan binega lokaci-lokaci domin farin dutsen da ke taruwa a jikinsa ya narke.

Injiniya, Abuja

Allah ya ci gaba da tsarewa, Malam. Sai dai bawul ɗin roba ce ke rufe shi, kuma ɗan ƙaramin dodon koɗi ɗaya ko ƙwayar yashi ta isa ta hana shi rufewa ruf. Ba sai ya buɗe gaba ɗaya ba. Ɗigon da ba a lura da shi a minti biyar, a daren da aka kwana babu wuta sai ya cika tankin ƙasa ya tumbatsa. A sa bawul ɗin, ban hana ba, amma a tsara bututun ta yadda ko babu shi falo zai tsira.

Maman Faruk, Legas

Alhaji, ni ta ɓangaren aikin kullum zan yi maka bayani, tunda ni ce mai yin sa a gidanmu.

Abu na farko shi ne daidaiton teburin. A tanki na yau da kullum, ko ya karkata kaɗan babu wanda zai gane. Wannan kuwa karkatar milimita ɗaya ko biyu ta isa ta sa ruwa ya bi ɓangare ɗaya ya bar sauran a bushe, wurin da ya bushe kuma nan take farin ɓawon gishiri yake fitowa. Sai ka ƙara ƙarfin famfo domin ka rufe wurin, ɗaya gefen kuma ya fara fantsama. Mu teburinmu na ƙarfe ne, mai walda ya sa masa ƙafafu masu kusoshi da ake juyawa a ɗaga ko a sauke. Bayan an cika shi da ruwa sai da aka sake daidaita shi, saboda nauyi yana sa ƙasa ta ɗan nutsa. Naka da ruwa da duwatsu da tankin ƙasa zai kusa kilo 500. A nan Legas danshi yana da yawa, ga kuma tururin gishiri, don haka duk wurin da fenti bai kama ba a jikin ƙarfen tsatsa ta cinye shi, har da hinjin ƙofar kabad ɗin.

Na biyu, goge bango ya zama aiki biyu. Duk inda ruwa da haske suka haɗu gansakuka takan fito, kuma a wannan tanki bayan bangon ma a jiƙe yake. Namu na akirilik ne, ba gilashi ba, shi kuma ba ya son reza ko soson ƙarfe. Ko ƙwayar yashi ce ta maƙale a magogi sai ta bar zane. Kati na roba nake bi da shi a hankali, musamman a kan bakin, domin idan gansakuka ta taru a nan sai ruwan ya rarrabu ya zama layi-layi maimakon ya sauko a shimfiɗe.

Dodannin koɗin da ake sawa domin su ci gansakuka ba su san iyakar tanki ba, tunda a wajen ma ruwa ne. Da asuba nakan same su a bayan bango suna gangarowa, ko a cikin magudana, shi ya sa muka sa raga a bakin ramin da ruwa ke sauka, kada ɗaya ya toshe shi. Kifi ma haka. Babu murfi, babu ko ɗan tudun baki da zai tare wanda ya firgita. Masu tsalle irin su kifin da ake kira ras da siraran gobi masu ja a wutsiya ba na wannan tanki ba ne. Kifin nan mai ruwan lemo da fararen ɗamaru, wanda ake haifa a gonakin kiwo, shi ne ya zauna mana lafiya, saboda ba ya nisa da wurin da ya zaɓa. Abincin da ke yawo a saman ruwa kuwa kafin kifi ya kai gare shi ya bi baki ya tafi, don haka ko dai ka tsayar da famfo na mintoci kaɗan, ko ka jiƙa abincin ya nutse.

Akwai wanda ban taɓa jin mai sayarwa ya faɗa ba. Duk baƙon da ya shigo sai ya kai hannu ya shafa bangon, yara kuwa ba a magana. Man shafawa da sabulu da turaren da ke hannun, duk cikin ruwan suke shiga. Feshin maganin sauro da fiya-fiya da hayaƙin koyil sun fi wannan haɗari nesa ba kusa ba, domin guba ne ga kifi da jatan lande, kuma babu yadda za ka lulluɓe tankin da zane kamar na yau da kullum. Mu raga muka sa a tagogi, muka daina feshi a falon kwata-kwata, turaren wuta ma sai a ɗaki.

Abu Safiyya, Zariya

Alhaji, tambayarka ta biyu, wato ta busasshiyar iska, ni ta shafa, domin iskarmu ɗaya. Ruwa a wannan tanki ta sama da ta bango huɗu yake ƙafewa. A naka, saman murabba'in mita 0.6 ne, bangwayen kuma 1.6, ka ga wurin ƙafewa ya kusa ninka na tanki na yau da kullum sau huɗu. Daga Disamba zuwa Fabrairu, lokacin da hunturu ya kankama, jarkar ruwan ƙari da take kai ni mako a damina ba ta kai ni ko rabinsa.

Ba za ka ga raguwar a tankin sama ba, kullum a cike yake. A sashen famfo na tankin ƙasa take bayyana, kuma idan ba a lura ba famfo ya fara zuƙar iska, ya cika tankin da ƙananan kumfa, daga nan ya ƙone. Ruwa ne kawai yake tashi, gishirin yana nan, saboda haka da ruwan daɗi ake cikewa, ba da na gishiri ba. Ruwan teku yana da kimanin giram 35 na gishiri a kowace lita, abin da ma'auni ke nunawa 1.026 ko kusa da haka; idan lita 15 ta ƙafe daga 300 ba a mayar ba, ya kusa kaiwa 37. Kifi zai iya jurewa, murjani mai rai kuwa hawa da saukar nan ce take wahalar da shi. Na'urar da ke ƙara ruwa da kanta idan ya ragu wajibi ce a arewa, kuma ruwan ya zama wanda ya bi ta matatar RO, mai cire ma'adanai daga ruwa. Ruwan burtsatse da na rijiya suna ɗauke da ma'adanan da ba sa ƙafewa, kullum taruwa suke yi, ƙarshensu gansakuka. A kuma guji duk wani mahaɗin bututu na tagulla, domin jan ƙarfe yana kashe murjani da dodon koɗi.

Ƙurar hunturu ma tana manne wa jiƙaƙƙen bango ta bi ruwa. Safar tacewar da ke bakin bututu takan koma ja cikin ɗan lokaci, sai ka tanadi guda uku ko huɗu kana sauyawa.

Amfanin da na samu a ciki shi ne sanyi. Yadda randa ke sanyaya ruwa saboda tsattsafon da ke jikinta, haka wannan tanki yake yi. A watan Afrilu, da zafi ke haura digiri 40 a waje, ruwana yakan fi ɗakin sanyi sosai, abin da ake nema kuma digiri 24 zuwa 26 ne. Amma a dararen Janairu wannan sanyin yakan wuce kima, sai na kunna hita. Idan damina ta faɗi iska ta yi danshi, sanyayawar takan ragu, wanda ba ya barin na'urar sanyaya ɗaki a kunne zai buƙaci ta sanyaya ruwa, ita kuma ba ƙaramin batir ke ɗaukarta ba.

Ɗan Bahar Maliya, Port Sudan

Gaisuwa ga 'yan'uwa na Najeriya. Mu teku tana ƙofar gida, amma ruwan Bahar Maliya ya fi na sauran tekuna gishiri, yana kaiwa giram 40 a lita, saboda zafi da ƙarancin ruwan sama da rashin manyan koguna masu zuba a cikinta. Idan na ɗebo, nesa da tashar jiragen ruwa nake ɗiba, in tace, in sirka da ruwan RO. Wanda ya sayi kifin da aka kamo daga nan ya tambayi gishirin ruwan da ya zo a ciki, ya saba masa da nasa a hankali ta hanyar ɗiga masa ruwan tanki.

Murjanin da ke Sanganeb, a cikin Bahar Maliya kusa da mu, yana cikin wuraren da UNESCO ta sa a jerin kayan tarihin duniya a 2016, ba wurin ɗiba ba ne, kuma duk murjani mai ƙashin dutse yana ƙarƙashin yarjejeniyar CITES mai sa ido kan cinikin namun daji da tsirrai tsakanin ƙasashe, ba ya tsallake iyaka sai da takarda. Shawarata ga Alhaji ita ce ya bar tankin da duwatsu kawai na mako huɗu zuwa shida, har gwaji ya nuna babu amoniya babu naitirait, sinadaran da ke fitowa daga datti su zama guba ga kifi, sannan ya fara da kifi biyu da murjani mai laushi wanda aka yanko daga tankin wani mai kiwo.

Baban Inna, Kaduna

Akwai abin da ba a ambata ba game da dawowar wuta. A lokacin tankin ƙasa yana cike da ruwan da ya sauko, idan na'urar kumfa mai cire datti ta tashi tare da famfo, kofinta yakan cika nan take, baƙin ruwan da ta tara ya koma cikin tanki. Akwai ɗan soket mai jinkirta kunnawa irin wanda ake sa wa firji. A sa mata shi a kan minti biyar, kafin ta tashi famfo ya riga ya mayar da ruwan sama.