Bakina yakan mutu in an zo maganar shaida, ku ba ni shawara

Mai tambaya, daga Tudun Wada:

Salama a gare ku 'yan'uwa cikin Ubangiji. Na daɗe ina karanta shawarwarin da ake ba wasu, yau ga shi abin ya zo kaina. Shekarata 36, ina sayar da dankali da kabeji da karas a kasuwar Farin Gada a nan Jos. A gidan masu bi na tashi, na yi baftisma tun ina budurwa, ina cikin Zumuntar Mata, in ana waƙa kuwa muryata ba ta ɓuya. Amma a ce in zauna da mutum ɗaya in gaya masa abin da Yesu ya yi mini, sai harshe ya yi mini nauyi.

Shekara biyu ke nan da na rasa ɗana na fari, ciwon sikila ne. Maƙwabciyata a kasuwa mai albasa ce, Musulma, ta girme ni, Yaya nake ce mata. Ita ta tsare mini rumfa sati uku lokacin makoki, ta sayar da kayan kafin su lalace, ta kawo mini kuɗina cif a ƙulle cikin baƙar leda. Talatar da ta wuce ruwa ya tsare mu ƙarƙashin tamfol, ba mai saye, sai ta dube ni ta ce, "Ke kam me ya riƙe ki haka? Ƙanwata ta rasa nata, har yau ba ta dawo daidai ba." Amsar tana bakina. Abin da ya fito shi ne, "Haƙuri ne kawai, Yaya." Na sunkuya ina tsince ruɓaɓɓen dankali har ruwan ya ɗauke. Daren nan ban yi barci ba.

Ga kuma ƙanena, shekararsa 24, ya bar coci, goskolo, barasar nan mai ƙarfi, ta kama shi. Kullum ina zuba masa abinci ina masa faɗa, amma maganar Ubangiji ban taɓa yi da shi ba.

Ina tsoron garin nan, kun san yadda ƙaramar magana take zama wuta. Ina tsoron a jefo mini tambayar da ban iya amsa ba. Wanda ya fi damuna kuma shi ne halina: bara na ci kwalar wata mata a tsakiyar kasuwa a kan bashin dubu takwas, kowa yana kallo, har da Yaya. Da wane baki zan yi maganar salama? Ku gaya mini gaskiya, kada ku lallashe ni.

Dattijon ikilisiya, Kabong:

'Yata, sannu da rashi, Ubangiji ya ci gaba da ta'azantar da ke. Tsoronki na farko ba zan ce miki na banza ba ne. A Nasarawa Gwong nake zaune ranar Juma'a 7 ga Satumba 2001, na ga abin da ido bai so gani. Kafin nan, shinkafar Kirsimeti takan shiga gidan maƙwabcina, naman layya ya shigo nawa, ba mai tambaya. Bayan rikicin Nuwamba 2008 da na Janairu 2010 unguwanni suka rabu, kowa ya koma cikin nasa, ni ma na tattara na dawo nan. Yanzu yaro yakan girma har ya yi gemu bai taɓa cin abinci kwano ɗaya da wanda ba addininsu ɗaya ba. Kasuwa irin taku tana cikin 'yan wuraren da suka rage ana zama kafaɗa da kafaɗa, don haka abin da ke tsakaninki da matar nan ki riƙe shi da hannu biyu.

Amma ki duba da kyau abin da ya faru ƙarƙashin tamfol ɗin. Ba ke kika tare ta ba, ita ta tambaye ki. Wasiƙar Bitrus ta fari, sura 3 aya 15, a kan wannan take magana: mu zauna a shirye mu ba da amsa ga mai tambayar dalilin begen da muke da shi, da tawali'u da ladabi. Mutanen da aka rubuta wa kuwa cikin tsanani suke, ba cikin daɗi ba. A iya abin da na gani da shekaruna, abin da ke tada wuta shi ne zagin abin da wani yake girmamawa, da gardama cikin taro inda kowa ke neman kada a ga ya sha kaye. Mace ta gaya wa ƙawarta abin da ya share mata hawaye, wannan wani abu ne dabam. Kada ki taɓa Annabinsu, kada ki taɓa littafinsu, kada ki auna nasu da namu. Naki labarin kawai. Sashe na 38 na tsarin mulkin 1999 ya ba kowa 'yancin yin addininsa da yaɗa shi, amma ni ba takarda nake dogara da ita a tsakiyar kasuwa ba, amana ce ke tsare mutum.

Maganar kwala kuwa, ba sai na yi dogon bayani ba. Ki nemi matar nan ki roƙi gafara, a wurin da kika kunyata ta. Bashin yana nan, ki bi shi da baki mai daɗi. Matiyu 5:23-24, ki karanta kafin Lahadi.

Maman Zumunta, Dadin Kowa:

Baba ya gama magana. Ni abin da zan ƙara, 'yata, shi ne ba a fafe gora ranar tafiya. Bakinki ya mutu ne don bai taɓa faɗin abin ba ko sau ɗaya. Waƙa kin maimaita ta sau ɗari, shi ya sa take fita da kanta.

Lokacin da nake yarinya, 'yan ƙungiyar bishara ta Sabon Rai Don Kowa sukan tura mu bibbiyu, gida gida. Ranar farko gwiwoyina rawa suke, na yi sallama a ƙofar wata tsohuwa, da ta fito sai na ce ruwa na zo sha. Na sha kofi biyu na yi godiya na tafi. Abokiyar tafiyata ta yi dariya har ta zauna a kan dutse. Abin da ya warkar da ni shi ne uwar ɗakina a zumunta ta sa ni ina ba ta shaidata muna tankaɗe, yau da gobe, har ta zama kamar labarin gidanmu.

Ki samu mace ɗaya a zumuntarku ki gaya mata: yadda kike daren da yaron ya tafi, abin da ya riƙe ki, yadda kike yanzu. Kada ya wuce tsawon dahuwar shayi. Ki cire manyan kalmomin majami'a, ki faɗa da Hausar kasuwa. In kuka ya zo ki bar shi ya zo. Ki tuna yarinyar nan ta gidan Na'aman kuturu a Littafi Mai Tsarki, baiwa ce, ko sunanta ba a rubuta ba, magana ɗaya ta yi wa uwargijiyarta.

Ɗalibin tauhidi, Bukuru:

Anti, ni kan tsoron tambaya zan tsaya. Shekarata uku ina karatu, har gobe ana mini tambayar da nake yin shiru. A Yahaya sura 9, malamai sun tsare mutumin da aka buɗe wa ido da tambayoyi masu wuya, ya ce musu wancan bai sani ba, abu ɗaya ya sani, dā shi makaho ne, yanzu yana gani. Shaida a kotu ma abin da ya gani ake tambayarsa, ba a ce ya zama lauya ba. In an tambaye ki batun Triniti, wato Allah ɗaya cikin uku, ko wani abu mai zurfi, ki ce, "Ban iya bayaninsa ba, in kina so in tambayo miki." Ba abin kunya a ciki.

Kuma mu daina ganin kamar aikin na masu digiri ne. Turawan mishan Gowans da Kent da Bingham sun sauka Legas a ƙarshen 1893, kafin 1894 ta ƙare biyu sun mutu, Bingham ya koma gida da ciwo. Karl Kumm da mutanensa sun iso Wase a 1904. Littafi Mai Tsarki cikakke da Hausa sai 1932 ya fito. Turawan nan 'yan kaɗan ne, ba su isa su zaga duwatsun Filato ba. Yawancin kakanninmu ta bakin 'yan'uwansu suka ji, manoma da masu bishara 'yan ƙasa da matan da aure ya kai wani ƙauye, da yawansu da kyar suke haɗa baƙi. Ikilisiyoyin ECWA da COCIN da muke ganin hedkwatarsu a Jos yau, a kan irin waɗannan bakunan suka tsaya.

Mai keke, Gada Biyu:

Ku yi haƙuri iyaye, ni ban yarda sai an yi magana ba. Labarin zuciya a tambayi fuska. Kullum ina kan titi, ina ganin masu wa'azi a tasha, a gama ihu a miƙa ambulan. A unguwarmu akwai mai kunna lasifika ƙarfe huɗu na asuba, mai jego ba barci, marar lafiya ba barci. Wa ya tuba ta haka? Anti, ki gyara mudunki, ki daina cin kwala, ki bar rayuwarki ta yi wa'azi. Shi ke nan.

Ma'aikaciyar jinya, Rayfield:

Ɗan'uwa mai keke, a kan lasifikar asuba ina bayanka ɗari bisa ɗari. Amma sake karanta labarin. Wa ya tsare rumfa sati uku ya kawo kuɗi ba ko sisi da ya yi ciwon kai? Mai albasa ce. In kirki kaɗai ne wa'azi, ai ita ta yi wa 'yar'uwarmu wa'azi. Kirki ba ya faɗin inda ya fito, baki ne ke faɗa. Fuskar ta riga ta gani, shi ya sa ta yi tambaya, aka ba ta rabin amsa.

'Yar'uwa, ni abin da nake ji miki tsoro dabam ne. Kada daga yau ki riƙa kallon matar nan kamar kifin da za ki kama. Mutane suna gane wannan da wuri, kuma yana da ciwo. Ki gaya mata gaskiyarki don ta tambaya, don kuma ƙanwarta tana cikin ramin da kika fito. In ta ce ita ma ga abin da ke riƙe ta cikin addininta, ki saurara da kunne biyu, kada ki riƙa jiran ta yi shiru ki ɗora naki. In ta canza magana, ki bi ta. Bulus ya ce shi ya shuka, Afolos ya yi ban ruwa, Allah ne ya sa ya girma. Juya zuciya ba aikinki ba ne, kuma ko ba ta taɓa sake tada maganar ba, Yayarki ce har gobe. A wurin aiki ni ma ban yi wa marar lafiya addu'a sai na tambaye shi ko yana so, wanda ya ce a'a in ba shi maganinsa da fara'a iri ɗaya.

Wani ɗan'uwa, Angwan Rukuba:

Kowa ya tafi kan mai albasa an manta yaron. Ni na sha goskolo shekara biyar, na san inda yake. Anti, wa'azi ya sani, ayoyin da za ki jawo masa ya haddace su tun makarantar Lahadi. Faɗa kuma ya zama masa kamar ƙarar injin niƙa, yana ji ba ya ji. Ni yayata ce wata rana ta ajiye mini tuwo, ta zauna a ƙasa kusa da ni, abin da ba ta taɓa yi ba, ta ce, "Me ya kore ka daga coci?" Ba wanda ya taɓa tambayata. Na yi awa ɗaya ina zuba, har da zagin wasu manya, ba ta kare kowa ba. Da na gama ta ce ko zan yarda ta yi mini addu'a. Ban daina sha a ranar ba, na ƙara kusan shekara. Ki tambaye shi da safe, ido a buɗe, ba lokacin da ya sha ba. Kuma in jikinsa yana rawa ranar da bai samu ba, a kai shi wurin likita, yanke ta farat ɗaya ba tare da kulawa ba yana da haɗari.

Mai tambaya:

Na gode Baba, na gode Mama, na gode 'yan'uwa duka, har da mai keke, mudun nawa dai lafiyarsa lau. Ga inda aka kwana. Ranar Alhamis na je rumfar matar da na ci wa kwala. Ta ɗauka faɗa na dawo yi, har ta miƙe tana ɗaura ɗankwali. Da na durƙusa sai ta rasa abin cewa, ta ce in tashi mutane suna kallo. Dubu takwas ɗin ba ta ambata ba, ni ma ban ambata ba.

Jiya da rana, muna ɓare wa Yaya busasshen bawon albasa, na ce, "Yaya, ran nan kin tambaye ni na ba ki guntuwar amsa." Na gaya mata yadda na yi wata biyu ban iya addu'a ba sai dai in kira sunan Yesu in yi shiru, da yadda begen cewa zan sake ganin yaron a wurinsa ya sa nake iya tashi da safe. Muryata ta yi rawa, rabin abin da na shirya da maman zumuntarmu ya gudu. Ta yi shiru, ta ce, "Allah ya ƙara miki haƙuri." Sai ta tambaye ni ko zan raka ta gaida ƙanwarta wani satin, don wanda ya ɗanɗana shi ya san abin faɗa. Na ce to. Mai sayen kabeji ya zo, muka tashi.

Ƙanena kuwa ban iya ba tukuna. Sau biyu ina zama kusa da shi sai in ji faɗan yana taso mini. Ɗan'uwa na Angwan Rukuba, in na tambaye shi ya ce in rabu da shi, in sake tambaya washegari ne ko in ba shi kwana biyu?