Birkin tsohuwar motar soja yana tafiya ƙasa, a taimaka da shawara

Baban_Ummi:
Assalamu alaikum jama'a. Yayana ne ya sayi tsohuwar motar soja a gwanjo, irin ta Amurka ɗin nan mai taya goma, M35, so muke mu riƙa ɗauko hatsi daga kasuwannin ƙauye zuwa Dawanau musamman da damina da motoci ke kafewa. Inji kam lafiya lau, motar ma ba ta wani sha tafiya ba don ta daɗe a ajiye. Matsalar birki ne, da safe in ka taka sai ya tafi har ƙasa sai ka famfa shi kafin ya kama, kuma man birki yana raguwa amma mun leƙa ko'ina ba mu ga inda yake zuba ba. Wani bakanike ya ce a fitar da iska a ƙara mai shikenan. Don Allah masana me kuka gani?

Oga_Kwakwaci:
Wa'alaikumus salam. Alhaji don girman Allah kar a ɗora wa motar nan ko buhu ɗaya tukuna. Daɗewar da ta yi a ajiye da kake ganin riba ce, ita ce ciwon, domin roba zama ke kashe ta ba tafiya ba. Birkin motar nan haɗin gambiza ne, iska ce ke taimaka wa ƙafarka amma mai ne ke kama taya, kuma yawancinsu layi ɗaya ne tak, wato in tiyo ɗaya ya fashe ko robar ƙafa ɗaya ta saki to duk ƙafafu shida sun tafi lokaci guda, ba kamar ƙaramar mota ba da in baya ya ƙi gaba zai ɗan riƙe ka. Ka ƙaddara kana ɗauke da masara ka doso danjar Kurna da yamma, ƴan adaidaita gaba da baya, yara na tsallaka titi.

Man da ka ce ba ka ga inda yake zuba ba, wuri biyu yake ɓuya. Ko dai cikin durom, ka shiga ƙarƙashi da tocila ka duba bayan kowace ƙafa, in ka ga danshi ƙura ta manne a kai ta yi baƙi to nan ne, kuma shu ɗin birki da ya sha mai canza shi ake ba a wanke shi da fetur a mayar. Ko kuma cikin busta ɗin iskar, robarta ta ciki ta mutu mai na tsallakawa ɓangaren iska. Masta, wato inda ake zuba man birki, tana ƙarƙashin daɓen wajen direba, akwai ɗan murfi, shi ya sa mutane ke mantawa da ita. Ni in motata ce duk tiyo na roba da robobin ƙafa shida da na masta sai na sauya su gaba ɗaya, sannan a zo maganar fitar da iska.

Sani Mai Tipa:
Oga ya gama magana. Nawa ƙarin, kullum in an tashi aiki a buɗe famfon ƙasan tankin iska a zubar da ruwan da ya taru, da damina za ka sha mamakin abin da zai fito. Kuma kar direba ya ja mota sai gejin iska ya cika ƙarar nan ta gargaɗin ƙarancin iska ta ɗauke, wasu yaran har cire wayar suke wai tana damunsu, Allah ya shirya. Hambirkinta kuma kar ka dogara da shi da lodi, ba taya yake kamawa ba, a sa weji.

Injiniya_Hotoro:
Akwai abin da ba a taɓo ba, kalar man. Sojan Amurka man birki mai lamba DOT 5 suke zubawa, na silikon, sabonsa ruwan shuni-shuni ne, kuma ba ya haɗuwa da DOT 3 ko DOT 4 da muke saye a Ƙofar Ruwa. Ka ɗebo kaɗan a kwalba ka ɗiga ruwa, in ruwan ya ware ya kwanta a ƙasa to silikon ne. Tunda za a canza robobi sai a wanke layin tas a tsaya a kan iri ɗaya, a rubuta a jikin murfin saboda yaron mota. Tayoyin ma ka duba lamba huɗun da ke gefe, sati da shekarar da aka yi su ne, zanen yana iya zama sabo fil alhali gefen duk ya tsattsage. Sannan fenti, doka ta hana farar hula yawo da mota mai kalar soja, ku sauya kafin ku hau titi, takardun gwanjo su zauna a mota, ga rod sefti ga KAROTA ga VIO.

Baban_Ummi:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Yanzu na leƙa, ƙafar baya ta hagu ta ciki duk ta jiƙe. Oga robobin nata ana samu a Ƙofar Ruwa ko sai an yi oda?

Oga_Kwakwaci:
Ka kwance tsohon ka tafi da shi a hannu a gwada, kar ka yarda da "wannan ma zai shiga". In babu daidai shi gara a yi oda ta jira, motar ta kwana a gareji.