Awa 22 ina Hinterlands, labari ya tsaya cak

Mai Shago: Assalamu alaikum 'yan uwa, shawara nake nema. Na'urar gem ɗin PS4 da ke hannuna ta ƙanena ce, ya bar min ita da zai tafi bautar ƙasa, da gem ɗin Dragon Age: Inquisition a ciki. Ni kuwa sai na rufe shago ƙarfe tara nake samun zama, in an kawo wuta, awa ɗaya ko ɗaya da rabi, har barci ya kwashe ni da hannun gem a cinya. Wata biyu ke nan ina Hinterlands, babban yankin da ke farkon gem ɗin. Na harbo raguna na kai wa 'yan gudun hijira nama goma, na koro wata dabba mai kama da ɓauna har gonar mai ita, ina ta hawan duwatsu ina tsintar tsakuwa mai ƙyalli. Sama kuma tun farkon gem a tsage take, aljanu na zubowa. Wallahi har na manta abin da ya kawo ni. In ci gaba ko in goge?

Tsohon Hannu: Ɗan'uwa, ka fita daga wurin nan yau ɗin nan. Tun 2014 da gem ɗin ya fito wannan tarkon yake kama mutane. Koma teburin yaƙi a Haven, ƙauyen da ke hedikwatarka, Power 4 kawai ake nema (makin da kake tarawa don buɗe babban labari) ka je birnin Val Royeaux, sai 15 ka zaɓi ɓangaren matsafa ko na mayaƙan Templar. Na tabbata naka ya wuce haka. Sai Haven ta faɗi ka isa Skyhold, sabuwar hedikwatarka, labari ke kankama.

Mai Shago: Na ji, yaya. Amma in na ga alama a taswira ban share ta ba, raina ba ya kwanciya. Kuma ai mutanen nan yunwa suke ji.

Ƴar Zinder: Kai naka da sauƙi. Ni wani gem ne, Assassin's Creed Valhalla, ya cinye min hutu. Kowane yanki na Ingila sai ka ƙulla ƙawance, ka naɗa musu shugaba, gobe a maimaita. Na wuce awa 70, na ajiye, har yau abin yana min ciwo.

Baban Gida: Malam, kada a rusa maka jin daɗi. In ka yi gaggawa, zuwa fadar daular Orlais a gaba yana neman Power 30, dole ka dawo ka yi aikin da ka gudu.

Tsohon Hannu: Ba sai ya dawo nan ba. Sansanin da zai kafa da tsagar aljanu da zai rufe a wasu yankuna sun ishe shi. Mai awa ɗaya a dare ba ya kiwon ɓauna.

Mai Shago: Ba kiwo nake ba, saura kaɗan in gama. Akwai wani ƙaton dodo mai feshin wuta a kwarin gabas, sau huɗu yana ƙone ni. Wa ya san yadda ake kashe shi?