"Ɗan hakin da ka raina": ta dace da ɗan takara mai zaman kansa?

Malam Habu, Ɗambatta:
Salamu alaikum. Gardama ce ta kaure a majalisarmu kan ɗan takara mai zaman kansa, wanda zai nemi shugabancin ƙasa ba tare da jam'iyya ba. Wani ya ce zaɓensa zubar da ƙuri'a ne, sai wani dattijo ya ce masa ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido. Ni dai ban ga ta zauna a nan ba. Haki iska ce ke kwaso shi, bai san idon wa zai faɗa ba, shi kuwa ɗan takara da niyyarsa ya fito. Me kuka gani?

Lawal, Ringim:
Allah gafarta Malam, ai gargaɗin ga mai rainin ake yi. A 1992 wani attajiri, Ross Perot, ya tsaya a Amurka ba jam'iyya. Ko jiha ɗaya bai ci ba, amma ya kwashi kusan kashi 19 cikin 100. Bush babba yana kan kujera ya faɗi, Clinton ya hau da kashi 43 kacal. In wannan ba tsone ido ba ne, mene ne?

Rabi, Gumel:
Yaya Lawal, tsaya. Da aka tambayi waɗanda suka zaɓi Perot wa za su bi da bai fito ba, rabuwa suka yi kusan daidai tsakanin Bush da Clinton. Kowa yakan ɗauka ƙuri'ar da ta tafi wajen na uku daga aljihunsa aka zare ta. Sannan mu a nan sashe na 131 na tsarin mulki ya ce sai jam'iyya ta tsayar da mutum, don haka indifenda, wato mai zaman kansa, ba shi da wuri a takardar ƙuri'armu. Abin da ya fi kusa da shi shi ne mai ƙaramar jam'iyya. A Jigawa a 2023 Tinubu ya sami 421,390, Atiku 386,587, Kwankwaso 98,234. Tazarar na farko da na biyu ba ta kai 35,000 ba. 'Yan PDP na cewa jar hula ce ta ja musu. Wa ya tabbatar musu da cewa da ba ta fito ba, duk mutanenta lema za su dangwala? Wasu ma gida za su zauna.

Baba Idi, Bichi:
Ku yara ba ku ga zaɓen 1979 ba. Lokacin Jigawa tana cikin Kano, jihohi 19 ne. Doka ta ce sai mutum ya sami kashi ɗaya cikin huɗu a kashi biyu cikin uku na jihohi. Shagari ya samu a jihohi 12, ta 13 ɗin ita ce Kano, inda ya tsaya a kusan kashi 20, saboda talakawa sun yi wa Malam Aminu Kano ruwan ƙuri'u. Malam bai kama hanyar cin ƙasa ba, amma sai da maganar ta je Kotun Ƙoli, Awolowo na ƙara, ana lissafin sha biyu da biyu bisa uku, wato kashi biyu cikin uku na jihohi 19. Mu da muka sa wa PRP hannu a ƙauye ba Awolowo muke wa aiki ba, ba kuma Shagari muka nufa ba. Malam Habu, ka ga hakin da ka ce bai san idon wa zai faɗa ba? To haka ɗin ne, shi ya sa ta dace. Har yau kuma wannan ƙa'ida tana nan.

Malam Habu, Ɗambatta:
Baba, na karɓi rabi. Amma wa ya isa ya raina Malam Aminu a Kano? Karin maganar sai da raini take tsayuwa.

Sabo Tela, Kazaure:
Ni tawa daban ce: kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Shi zai sha rana yana yawon ƙauyuka, ya sha zagi, wani ya haye kujera da ƙuri'un da ya raba.

Lawal, Ringim:
Sabo, wani lokaci kurar ce ke tafiya da kuɗin. Nan maƙwabta a Jamhuriyar Benin, Yayi Boni a 2006 da Patrice Talon a 2016 duk ba jam'iyya suka ci.

Rabi, Gumel:
Can in ba wanda ya haura rabi sai an je zagaye na biyu, kuma Talon shi ne babban attajirin audugar ƙasar. Mu rumfunan zaɓe sun haura 176,000. Wa zai ba indifenda ejan a kowace akwati, ya tsaya har a ƙirga, ya karɓo takardar sakamako? A ƙauyenmu ejan ɗin babbar jam'iyya ma in ba a kawo masa abincin rana ba, kafin la'asar ya sulale.

Baba Idi, Bichi:
'Yata, mu a zamanin PRP da fura a gora muke tafiya, ba wanda ya biya mu.

Rabi, Gumel:
Allah ya ƙara lafiya, Baba. Amma ku jam'iyya ce ta haɗa ku tun daga NEPU. Shi wannan wa zai haɗa masa?