stb ya ce digiri 72, fitar kuma sai rawa take yi

Auwalu: Salamu alaikum manya. Amfilifaya ce mai fita biyu, mataki biyu, da kafasitar Miller. Na sa iprobe (furob ɗin da ke yanke zagayen fidbak) a reshe ɗaya na gudanar da stb, wato gwajin daidaiton zagaye, a simuletar Spectre ta Cadence, ya ba ni fes majin (ratar da ta rage kafin da'ira ta fara kaɗawa) digiri 72. Da na buga mata siginar tsalle a tran, gwajin da ke nuna fita a kan lokaci, sai fitar ta kama kaɗawa, ta ƙi zama. Me na ɓata?

Inj. Hadiza: Wa alaikumus salam. Reshe ɗaya? To ɗayan wa ka bar wa? Sa diffstbprobe ya yanke wayoyin biyu a wuri guda, ka auna difarenshiyal (bambancin wayoyin biyu) daban, komon mod (matsakaicinsu) daban.

Ɗanlami: Ko cmdmprobe. CMDM ɗin -1 difarenshiyal ne, 1 komon mod.

Inj. Hadiza: Ɗanlami kai da tsohon yayi ba ku rabuwa.

Ɗanlami: Tsohuwar zuma ai da ita ake magani, Hajiya.

Malam Garba: Auwalu, bari in ba ka nawa, don abin da ya ci Doma ba ya barin Awe. A wani kamfani da na yi wa aiki, na yanke zagayen da dabarar nan ta ƙatuwar indokta da ƙatuwar kafasita, indokta ta riƙe DC, kafasita ta shigar da siginar gwaji. Lamba ta fito tsaf, kusan 70. Abin da ban lura ba, da na yanke a nan, fitar ta daina ganin kafasitan da ke ƙofar taransistocin shiga, wato na sauke mata kayan da take ɗauka a zahiri. Wannan ɗaya ke nan. Na biyu ya fi muni: ko kallon zagayen CMFB, wato fidbak ɗin komon mod, ban yi ba, na ɗauka ƙaramin yaro ne mai gadin matsakaicin fita kawai. Alhali hanyarsa ta fi tsawo, sai ya bi ta amfilifayarsa sannan ya ratsa matakan nan biyu, pol ɗinsa ya fi yawa.

Cif ɗin silikon ya dawo daga masana'anta bayan wata uku da wani abu. Na ɗora a benci, na auna bambancin fitar biyu, kusan shiru, sai dai THD, ma'aunin gurɓatar sigina, ya lalace ba dalili. Kwana huɗu ina zargin sufulai, ina zargin allon, har solda na sake. Wani yaro ɗan koyon aiki ne ya ɗora furob ɗin sikof a ƙafa ɗaya kawai. Wallahi sai ga ta tana lilo, ɗaya ƙafar ma haka, tare suke hawa tare suke sauka, shi ya sa in ka debe ɗaya daga ɗaya suke ɓacewa. Da na koma na auna zagayen CMFB, majin bai kai digiri 10 ba a yanayin gwaji na sanyi da kaya mara nauyi. Taron da aka yi da ni washegari ba na fatan maƙiyina ya shige shi.

Don haka duba tran ɗinka: fitar biyu tare suke kaɗawa ko suna saɓa wa juna?

Sagir: Innalillahi. Yaron dai an ƙara masa alawus?

Malam Garba: Tsire na saya masa.

Nura: Ku masu lasisin Cadence kuna magana kamar kowa na da shi. Mu da ke kan kayan kyauta irin su Xschem da ngspice da sky130 fa? Babu stb a nan.

Inj. Hadiza: Da hannu za ka yi. Allura biyu a wuri guda, ac ɗaya da boltej, ac ɗaya da karan, ka haɗa su da lissafi. Hanyar Middlebrook ke nan tun 1975. In kana da LTspice buɗe misalin LoopGain2, za ka ga yadda aka tsara ta Tian, sai ka kwafo dabarar.

Nura: Ba duk ɗaya ba ne?

Inj. Hadiza: A'a. Middlebrook ya ɗauka sigina gaba kawai take bi a zagayen. Tian da abokan aikinsa a 2001 sun lissafa da wadda ke komawa baya, shi ya sa ko ka juya furob ɗin amsa ba ta canjawa. A kanta aka gina stb.

Ɗanlami: A ƙananan mitoci bambancin ko a jikinka. Kada ku tsorata yaro.

Sagir: Ni matsalata wuta ce. Gwajin Monte Carlo ya kai gudu na 180 cikin 200 suka ɗauke.

Nura: Sayi inbata, Alhaji.

Malam Garba: Wani abu kuma, Auwalu. CMFB ɗin naka na rasistoci ne ko na kafasitoci masu sauyawa da kulok? In na biyun ne, stb ba zai gaya maka gaskiya ba, domin a kan DC guda yake tsayawa. Sai pss sannan pstb, gwaje-gwajen da aka yi don da'ira mai kulok. Kuma ka ɗaga sufulai daga sifili a hankali ka gani ko tana tashi. Mai mataki biyu, fidbak ɗin waje kan zama fositif ga komon mod, fitar biyu su manne a sama ko ƙasa su ƙi saukowa.

Bashir: Ni dai ban yarda da lambar da tran bai shaide ta ba. Digiri 60 ya kamata ka ga tsallakewa wajen kashi 9 cikin ɗari, 45 kuma wajen 23. In suka saɓa, furob ɗinka ne a gurbin da bai dace ba.

Auwalu: Na duba, Malam. Tare suke hawa. Na rasistoci ne. Na sa iprobe a wayar da ke fitowa daga amfilifayar CMFB zuwa get ɗin taransistocin kaya, digiri 14.

Ɗanlami: Ka ci bashin tsire.

Auwalu: To in rage gen ɗin CMFB ne, ko in raba taransistocin ya riƙa tuƙa rabi kawai?

Sagir: Kafin nan, wa ke da inbata ta hannu da zai sayar?