Awa 72 sun cika da PHA, amma fararen ƙwayoyin jinin ba su rabu ba

Ɗalibar digiri na biyu, Gombe:
Assalamu alaikum, malamai. Muna renon fararen ƙwayoyin jini don duba kromosom, ƙunshin DNA da ke cikin ƙwaya. Jini rabin mililita muke zubawa cikin mililita 5 na ruwan reno RPMI 1640, da ruwan jinin ɗan tayin saniya kashi 10 cikin ɗari, da PHA mai sa ƙwayoyin rabuwa, a digiri 37 har awa 72. Da ƙyar ake ganin ƙwaya ɗaya ko biyu masu rabuwa a kan gilashi. Jinin a kwalbar EDTA yake zuwa mana. Ina matsalar take?

Malamin kimiyyar garkuwar jiki, Bauchi:
Wa alaikumus salam, Malama. Fara da kwalbar nan. EDTA kama kalsiyam yake yi, da haka yake hana jini daskarewa, alhali limfosait, farar ƙwayar da ake so ta rabu, ba ta farkawa sai kalsiyam ya kwarara cikinta. A ɗebi jinin a kwalbar sodiyam hefarin mai koren murfi, a shuka shi a ranar ko washegari, kuma kada ya shiga firiza.

Ba duk fararen ƙwayoyin ne ke rabuwa ba. Nitrofil, wadda ta fi yawa a jinin babba, ta gama girmanta, cikin kwana ɗaya ko biyu take mutuwa a kwalba. Limfosait nau'in T ake reno. A jini tana hutawa ne, ƙarama, kusan dukkanta cibiya. PHA furotin ne daga wani nau'in wake, kuma Peter Nowell ne ya nuna a 1960 cewa yana sa ta rabuwa. Yana manne wa sukarin da ke jikin masu karɓar saƙo a fatarta, sai ta amsa kamar ta gamu da abokin gaba. A ranar farko kumbura take yi, ta fara fitar da furotin ɗin saƙo IL-2 tare da mai karɓarsa, CD25. A rana ta biyu ta kwafi DNA ɗinta, rabuwar farko ta zo wajajen awa 48. Zuwa awa 72 da yawa sun shiga zagaye na biyu ko na uku, shi ya sa ake girbi a lokacin. IL-2 ɗin ne ke tura rabuwar, PHA ƙofa kawai ya buɗe. Monosait, wata farar ƙwayar, ita ma tana taimakawa wajen farkarwar, don haka wanda ya tace limfosait tsantsa zai ga amsa ta yi rauni.

Ma'aikacin ɗakin gwaji, Gombe:
Bayan abin da Malam ya faɗa, ƙanwata, ki duba PHA ɗin kansa. Idan PHA-M ne, kashi 1 zuwa 2 cikin ɗari na ruwan renon. Idan PHA-P ne, kamar maikrogiram 5 a kowace mililita. Wuce gona da iri kashe ƙwayoyin yake yi. Da an narka shi a rarraba ƙanana-ƙanana a firiza, domin narkewa da daskarewa a kai a kai na rage masa ƙarfi, kuma da yanayin wutarmu hakan na faruwa ba tare da kowa ya taɓa kwalbar ba. Gulutamin, abincin ƙwayoyin, shi ma lalacewa yake yi a RPMI da ya daɗe a firij, a ƙara sabo, milimola 2.

Inkubeta ta yau da kullum ɗumamawa take yi, ba ta sanyayawa. A watan Maris da Afrilu, idan ɗakin ya kai digiri 40, ita ma can za ta kai ko me allonta ya nuna an saita. A saka ma'aunin zafi daban a ciki. Launin ruwan ma shaida ne: rawaya da gurɓata yawanci bakteriya ce, ruwan hoda mai duhu kuma iskar CO2 ce ta tsere. In babu inkubeta mai CO2 kashi 5, a yi amfani da RPMI mai HEPES, sinadarin da ke daidaita tsamin ruwan, a ɗaure murfi tamau.

Kowane zagaye ki haɗa da jinin mutum mai lafiya. Mai shan siteroyid, ko maganin ciwon daji, ko mai tsananin tamowa, ƙwayoyinsa kan yi sanyin amsawa ko da aikinki daidai ne.

Ɗalibar digiri na biyu, Gombe:
Na gode, Malam, na gode, Yaya. To idan sun rabu amma kromosom ɗin suka dunƙule fa?

Likita mai nazarin kromosom, Bauchi:
Wannan matsalar girbi ce, Malama. Kolsemid, mai tsayar da ƙwaya a tsakiyar rabuwa, maikrogiram 0.1 a kowace mililita, minti 30 zuwa awa ɗaya. In ya daɗe, kromosom su gajarce su yi kauri. Sai ruwan gishirin KCl da ke kumbura ƙwayoyin, mai ƙarfin 0.075 M, da aka ɗumama zuwa digiri 37, minti 15 zuwa 20: ya gaza su cunkushe, ya wuce ƙwayoyin su fashe. Sannan ruwan kafe ƙwayoyin: methanol uku, asetik asid ɗaya, haɗin ranar, mai sanyi. A ɗiga na farko a hankali ana girgizawa, a wanke sau uku har gindin kwalbar ya yi fari.

A lokacin hunturu iska ta bushe ƙwarai, ɗigon ƙwayoyin a kan gilashi na bushewa kafin kromosom su bazu. Ki ɗiga a kan jiƙaƙƙen gilashi, ki ajiye shi bisa damshin tawul ko kusa da tururin ruwan ɗumi, ki duba na farko a maikroskof kafin ki ɗiga sauran.